Bagaruwa a Gonar Aro

Gonar da ta ciyar da gidanmu ba tamu ba ce. Tana Mugulbu, a gangaren da ke kallon mayo, wato rafi, kuma ta wani dattijo ce ɗan ƙabilar Gude, wanda muke kira Baban Mugulbu. Mahaifina majemi ne. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina da kartajinsa na kankare fata a jaka, ya zauna a Mubi, ya haifi 'ya'yansa a unguwar Yelwa, ya koma ga Allah bai mallaki ko taƙi ɗaya na ƙasar noma ba. Jima tana kawo kuɗin cefane da na sutura, amma dawar da muke ci daga wannan gonar aron take fitowa. Kowa a gidan ya san in ta tafi, sai dai mu koma awo a kasuwa, kuma jima ba za ta ɗauki wannan nauyin ba.

Kowace shekara, da hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, Baba yakan sa rigarsa ta Juma'a ya hau keke ya tafi roƙon gona. Gonar da yake nomawa tun kafin a haife ni fa. Zai cire takalmi a ƙofar gidan, ya gaisa, sannan ya ce, "Mai gona, na zo neman inda zan sa dawa bana." Baban Mugulbu kuma zai kalli sama, ya sosa gemu, ya yi kamar yana lissafa 'ya'ya da jikoki, can ya ce, "To, Majemi, bana kam ka noma shi. Baɗi sai mu gani." Daga nan su tuntsire da dariya, a kawo kunu. In kaka ta yi, Baba ya kai masa damin dawa da jemammiyar fatar akuya. Wannan damin shi ne shaidar cewa gonar aro ce, kuma karɓarsa shi ne shaidar cewa aron yana nan.

Ina yaro abin yana ba ni haushi. Na taɓa tambayar Baba don me zai riƙa roƙon abin da ya san za a ba shi. Ya ce, "Ranar da na daina roƙo, ranar gonar ta tashi daga aro ta koma rigima." Ban gane ba, na dai gyaɗa kai don a bar ni in tafi ƙwallo.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Wannan" yake ce mini, in ransa ya yi daɗi kuma "ɗan nan". An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ni kuwa tun ina ƙarami na tsani warin majema. Aikina a gidan shi ne dakan bagaruwa, 'ya'yan itacen ƙayar nan da ake jiƙawa a tsoma fata a ruwansu har ta yi laushi ta daina ruɓa. Ba bagaruwa, ba jima. In na daka ta da safe na tafi makaranta, yara sukan ja jiki daga bencina suna toshe hanci. A kan wannan bencin na yi wa kaina alkawarin duk aikin da zan yi a duniya, ba zai haɗa ni da fata ba.

Shekarun farko na Jihar Gongola an buɗe makarantu ko'ina, ana neman malamai ido rufe. Na gama kwalejin horon malamai, aka tura ni wani ƙauye a duwatsun Michika. Yaran yaren Kamwe suke ji, ni Hausa nake ji, littafin kuma Turanci yake yi. Haka muke wuni mu uku muna kallon juna. Mutanen kirki ne ƙwarai, ba su taɓa bari na kwana da yunwa ba, amma bayan damina biyu na tattara kayana na sauko. In aka tambaye ni dalili nakan ce hanyar ce ba kyau. Gaskiya har yau ban san abin da ya sauko da ni ba.

Baba bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya dubi akwatina, ya ce, "Ba komai, gona tana nan. Ɗauki fartanya." Wannan maganar na ji ta sau da yawa bayan haka, domin duk lokacin da na bar wani aiki ko aiki ya bar ni, tuwon Mugulbu ne yake jirana a akushi.

Ana nan sai wani ƙanin Inna ya ji ana neman malamin fata a ofishin dabbobi, wanda zai riƙa zagaya mahauta yana duba yadda ake fiɗa da shanya fatu. Ya je ya ce musu ai yana da ɗan majemi mai takardar ticha, ina za a sami irinsa? Aka ɗauke ni ba ko tambaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A duk ayyukan da na yi, wannan kaɗai Baba ya fahimta, kuma shi kaɗai ya yi alfahari da shi. A masallaci yakan ce, "Ɗan nan yana wajen fata, amma ta gwamnati." Ni kuwa kullum da safe in na doshi mahauta sai in ji kamar in yi kuka.

Sai bushiya ta shigo, cutar nan mai kwantar da shanu garke guda. Aka kwashi duk wani mai sa kaki a ofishin aka miƙa masa sirinji, har da ni da ban taɓa yi wa ko kaza allura ba. Aka tura mu Wuro Patuji da rugagen da ke bayanta. Nan na tashi daga Ticha na koma Dakta. Na ga dattijon Bafulatani zaune a tsakiyar mushen shanunsa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ba hawaye, ba komai. Bayan cuta kuma fari ya biyo baya. Shanun da suka tsira suka rasa ciyawa, na riƙa ganin makiyaya a saman bishiyoyi suna sassare rassa don dabbobi su ci ganye. Ni da aka aika in dubi saniya, sai na tsinci kaina ina kallon ciyawa, daga ciyawa ina kallon ƙasa. Ban san sunan abin da ke damuna ba, na dai san ina komawa gida da ciwon kai.

Wata karsana ce ta yanke mini shawara. Ta harbe ni a gwiwa, na yi watanni ina ɗingishi. Aka rasa inda za a kai gurgu, sai aka tuna akwai wurin renon dashe a ƙarƙashin ma'aikatarmu, inda ake zama a cika leda da ƙasa a sa iri. Aka ce in je can kafin ƙafa ta warke. Ƙafa ta warke, ba wanda ya tuna da ni, ni ma ban tuna wa kowa ba. Abin mamaki, na ji daɗin wurin. Ba jini, ba wari, sai ruwa da inuwa da ɗan tsiro yana ɗago kai. Daga baya aka sami gurbin kwas a Jos, wanda ya kamata ya je matarsa ta haihu, aka ce ni in tafi. Haka na shiga ilimin muhalli, ta ƙafar saniya da haihuwar matar wani.

Da na dawo, Baba ya zaunar da ni a bakin majema.

"Wannan, yanzu kai mene ne?"

"Malamin kiyaye muhalli, Baba."

"Muhallin wa?"

"Na kowa da kowa."

"Gadi ke nan."

"A'a, koyarwa ce. Zan riƙa zagaya makarantu ina nuna wa yara amfanin itatuwa da ƙasa."

"Ka koma ticha."

"Kusan haka, sai dai ba ni da aji."

Ya ci gaba da juya fata a kwatarniya. Can ya ce, "Ticha ba aji, dakta ba allura, malamin daji ba daji." Ya ɗaga murya ya ce wa Inna, "Ki zuba masa tuwo, ya sha hanya." Na yi dariya tare da su, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina ba ni da amsar da ta fi tasa.

Aikin dai na kama shi da zafi. In ɗaure ledojin dashe a bayan babur, in shiga makaranta, in zana wa yara hamada a allo tana tahowa daga arewa da baki buɗe. Su tafa, kowa ya karɓi ɗan mangwaro ko dogon yaro ya tafi gida. Bayan kwana biyu in dawo in tarar da rabin ledojin a jibge bayan aji. Wani hedimasta ya ce mini iyaye ne suka ce a mayar. Na ce a raina jahilci ne. Ba wai ban san dokar ba. Duk ɗan Mubi ya san ba a dasa itace a gonar aro, domin dawa baƙuwa ce, kaka ta yi ta tafi, itace kuwa zama yake zuwa yi, kuma wanda ya dasa shi kamar ya ce nan nawa ne. Na san wannan sarai. Amma a kaina dokar tana ɗaki ɗaya, karatun Jos yana wani ɗakin, ba su taɓa gaisawa ba.

A lokacin Baba ya fara kukan bagaruwa. Da can a bakin mayo muke tsinto ta, buhu-buhu, kyauta. Fari da gatari suka cinye itatuwan, ya koma saye a hannun fatake, mudu-mudu, wata ma ta sha ruwa. Sai na ɗebi iri daga ragowar da ke gindin turminsa, na jiƙa a ruwan zafi kamar yadda aka koya mana, na shuka a ledoji a wani lungu na wurin reno. Suka fito gwanin sha'awa. Ogana ya gani ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mangwaro ma an mayar maka, wa zai karɓi ƙaya?" Gaskiyarsa, ba wanda ya karɓa.

A ƙasan gonar Mugulbu kuma akwai wani kwazazzabo da ruwa ya haƙa, kowace damina sai ya ci kunya ɗaya ko biyu ya zubar a mayo. Baba da Baban Mugulbu sukan tsaya a bakinsa su yi tsaki, su jefa 'yan duwatsu, ruwa ya zo ya tafi da su. Wata rana ina ban ruwa sai komai ya haɗu a kaina. In na jera bagaruwa a bakin kwazazzabon, saiwarta za ta riƙe ƙasa, Baba zai sami abin jima a kusa, kuma zai ga aikina da idonsa, ya san abin da zai faɗa a masallaci. Na ukun nan shi na fi so, ba zan ɓoye ba. Dokar aro ta ɗan leƙo, na kore ta. Na ce ai mangwaro ake nufi da gwaiba, abin da ake ci a sayar. Bagaruwa ƙaya ce, da kanta ma take fitowa a daji, wa zai yi shari'a a kan ƙaya?

Ban gaya wa Baba ba, don ina so ya zo ya gani ya yi mamaki. Na tafi ranar Lahadi da safe, saboda ita ce ranar da ba ni da makaranta. Ban ko tuna cewa a wannan lokacin duk gidan Baban Mugulbu da maƙwabtansu suna coci ba. Na kafa turaku, na ja igiya don layi ya miƙe yadda aka koya mana, na haƙa ramuka, na dasa tun daga wannan kusurwa har waccan. Na tsaya na duba, raina fes. Layi miƙaƙƙe, a gefen gona, da turaku, ranar da ba kowa. Ko ɓarawon gona da ya yi karatu ba zai tsara abin ya fi haka ba.

Ba a yi mako ba sai ga babban ɗan Baban Mugulbu a ƙofar majema. Tsohon soja ne, ya ɗan girme ni, mun sha cin gyaɗa a ƙwarya ɗaya muna yara. Ranar bai sauka daga babur ba, aka kawo ruwa bai sha ba.

"Baba Majemi, an ce in gaya maka, bana kada ka kawo dami."

Hannun Baba yana cikin kwatarniya, ya tsaya cak. Ni ma da nake tsaye a gefe na san ma'anar maganar. In an ƙi dami, an karɓi gona.

"Laifin me na yi, ɗana?"

"Je ka ga iyaka da kuka ja. Mu ba mu san an raba gona ba." Ya tayar da babur ya tafi, ko kallona bai yi ba.

Baba ya juyo. "Wannan, kai ne?"

"Bagaruwa ce fa, Baba. Saboda kwazazzabon nan. Kuma saboda kai, don ka daina saye."

"Saboda ni," ya ce. Ya zare hannunsa ya shiga wankewa, ya daɗe yana wanke hannun da ya san baƙin bagaruwa ba ya fita. Bai zage ni ba, da ma ya zaga da na fi jin sauƙi. Inna ce ta yi maganar daga bakin murhu, ta ce garin neman gira za a rasa ido. Ranar Baba bai taɓa tuwo ba, ni ma na kasa ci, ina kallon malmalar ina tunanin daga inda ta fito.

Da gari ya waye ya sa rigar Juma'a, alhali ba Juma'a ba ce, kuma lokacin roƙon gona ya wuce tuni, dawa har ta kai gwiwa. Na ce ya hau babur in kai shi, ya yi kamar bai ji ba, ya hau kekensa. Haka na bi shi a baya a hankali, babur yana ta mutuwa, tun daga Yelwa har Mugulbu.

Mun tarar da su a gonar. Baban Mugulbu yana zaune a kan dutse da sandarsa, ɗansa a tsaye, maƙwabta sun taru a gefe kamar masu jiran rabon nama. Baba ya cire takalmi a bakin kunya, ya durƙusa. Ban taɓa ganin ya durƙusa wa abokinsa da gaske ba sai ranar.

"Mai gona, ɗana ne ya yi, hannuna ne ya yi. Ka ba ni izini in tumɓuke su yanzu a gaban kowa."

Dattijon ya dubi layin dashen. Da ya buɗe baki muryarsa a gajiye take. "Majemi, in ka cire, mutane zai ce an kama ka da sata ka mayar. Shekara nawa muna tare, a ce maka ɓarawo? In ka bari kuma, yarana zai ce ka ci gona. Ni ban san wanne ba." Ya juyo gare ni. Shi har ya mutu Ticha yake ce mini, bai bi ni cikin sauye-sauyena ba. "Ticha, kai ka faɗa. Wannan abu mene ne?"

Na gyara tsayuwa na fara. Na yi maganar saiwa da zaizayar ƙasa, na yi maganar iska, na kawo hamada daga arewa da bakinta buɗe. Ina magana ina jin muryata kamar ta rediyo a gidan makoki, amma na kasa tsayawa. Ɗan nasa ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Hamada ne ya ja igiya? Hamada ne ya zo ran Lahadi?" Aka yi dariya, ba irin ta wasa ba. Na buɗe baki in ce ranar ce kaɗai nake da hutu, na ga ko ni aka gaya wa haka ba zan yarda ba, na rufe.

Abin da ya fi rikita ni shi ne kowa a wurin yana da gaskiya. Kwazazzabon yana gabanmu, ya ci wata kunyar a ruwan da aka yi shekaranjiya. Sojan yana da 'ya'ya da ƙanne, kuma ya ga yadda gonaki suka sulale daga hannun mutane a kusa da gari, da layi irin wannan aka fara. Baba yana durƙushe saboda abin da bai yi ba. Ni kuma da takardata ta Jos na tsaya ina tambayar kaina wane irin aiki ne wannan, da in ka yi shi daidai sai ka raba tsofaffi biyu.

Sai Baban Mugulbu ya miƙe da kyar, ya dogara sanda ya isa kan dashen farko. Ransa a ɓace yake, kowa ya gani. Ya sunkuya ya fizge shi da ƙarfi, ƙasa ta watse. Ya ɗaga shi kamar zai wurga a kwazazzabo, sai ya tsaya. Ya dubi ramin ruwan, ya dubi Baba a durƙushe, ya dubi abin da ke hannunsa. 'Yar ƙayar ta soke shi, ya yi tsaki. Ya daɗe a haka, tsoho riƙe da ɗan itace bai san inda zai kai shi ba. Ni dai ban yarda ya taho da wata dabara daga gida ba. Ina ganin gajiya ya yi da riƙewa, ya sunkuya ya mayar da shi cikin ramin da ya fito, ya tura ƙasa, ya danna da diddige.

"Baba, me kake yi?" in ji ɗansa.

Dattijon ya dube shi, ya dubi dashen, kamar shi ma yanzu yake ganin abin da ya yi. Sannan ya ce, "Ina dasa itace a gona na. Akwai wanda zai hana ni?"

Ya matsa kan na biyu, ya fizge, ya ɗaga wa maƙwabta su gani, ya mayar, ya danna. "Kun gani? Hannun waye?" Suka ce nasa. Haka ya bi layin nan kaf, yana ɗingishi yana zufa, Baba yana biye da shi riƙe masa da sanda, bai taɓa ko ganye ɗaya ba. Dattijon ya sa ɗansa ya cire turakuna ya zubar. Ni kuwa raina yana ta ƙuna, domin bagaruwa ba ta son a taɓa mata saiwa, ga rana ta take, ga shi yana fizga kamar mai cire rogo. Sau biyu na yunƙura in ce a hankali, Baba ya harare ni na haɗiye.

Da ya gama ya zauna yana haki, ya ce, "Majemi, dami na fa, kada ya yi ƙarami bana." Baba ya yi dariya, amma na ga ya juya baya yana goge ido da bakin riga. A hanyar komawa ya yarda ya bar keken a can ya hau bayana. A ƙofar gida ya sauka ya ce, "Za su yi kuwa?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Kai ma?"

Fiye da rabi suka mutu, kamar yadda na ji tsoro. Waɗanda suka rayu suka kama da ƙarfi, kuma a inda suke kwazazzabon ya rage ci. An karɓi dami a kakar nan. Sai dai da bazara ta zagayo Baba ya je roƙo, ya dawo ya ce wa Inna bana mai gona ya daɗe yana kallon sama, kuma sojan yana zaune a wurin, ba a yi dariya sosai ba.

Ni kuma na koma makarantu da bakina a sanyaye. Na daina zana hamada. In yaro ya miƙo hannu zai karɓi dashe, sai in tambaye shi inda zai sa, da kuma mai wurin. Sau da yawa hira takan ƙare a nan, in koma da ledojina. Ogana ya ce aikina ya ja baya, kuma a lissafinsa gaskiya ne. Rashin sanin abin yi ne ya kai ni jami'a da girmana, na zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannena na karanta kimiyyar muhalli, ina zaton a can akwai amsa. Na sami sunaye masu yawa na abin da ya faru a Mugulbu, ban sami abin da ya kamata in yi ranar Lahadin nan ba. Daga baya aka ba ni koyarwa a kwalejin malamai, na zama ticha mai aji. Baba bai ga wannan ba. Ya rasu ina shekarar ƙarshe, itatuwan ba su fara 'ya'ya ba. Ƙannena ba wanda ya ɗauki kartaji, aka kife kwatarniyoyi.

Baban Mugulbu ya bi bayan Baba ba da daɗewa ba. Da hadari ya haɗu na sa rigar Juma'a na tafi roƙo, karo na farko a rayuwata. Sojan ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo kunu. Bai kalli sama ba, bai sosa gemu ba. Ya ce ƙannensa sun girma, suna bukatar wuri, in yi haƙuri. Haƙƙinsu ne, na yi godiya na taso. Ko layina ne ya tuna musu, ko da ma lokaci ya yi, wannan tambayar na kwana da ita na tashi da ita har na gaji. Muka koma awo a kasuwa, da albashina.

A rani na shekarar da aka raba Gongola, ina zaune a tsakar gida da hantsi sai na ji babur ya tsaya. Sojan ne, da buhu ɗaure a baya. Wannan karon ya sauka, ya sha ruwa. Ya sauke buhun a gabana, na ji ƙarar da na sani tun ina yaro, kacau-kacau.

"Sun yi 'ya'ya," ya ce. "Baba ya bar magana kafin ya mutu. Ya ce itace namu ne, shi ya dasa. Amma 'ya'yansa na Majemi ne, kowane shekara a kai masa."

"Wane majemi kuma?" na ce. "Ai ka san an rufe."

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai an ce in kawo. Kai ba ɗansa ba ne?"

Ya tafi ya bar ni da buhu. Shekara da shekaru daga gidan nan ake ɗaukar kaya a kai Mugulbu, yau ga kaya daga Mugulbu, kuma ba ni da gonar, ba ni da wanda na dasa dominsa. Na kwance bakin buhun na cusa hannu. Bagaruwa ce mai kyau, busasshiya, ba ta sha ruwa ba, irin wadda Baba zai gutsura ya gyaɗa kai. Ƙanshinta mai ɗaci ya taso, wanda na yi rabin rayuwata ina gudu. Na zauna a kan kifaffiyar kwatarniya.

Inna tana ɗaki, idonta ya riga ya yi rauni, amma kunnenta garau. Ta ji ƙarar, ta ɗaga murya yadda ta saba yi shekara da shekaru tun Baba yana da rai, da sunan da take kiransa.

"Wa ya kawo wa Malam bagaruwa? A ce masa ya zo ya duba kafin a biya."